Kyautar Sarkin Tsatsa

Idan ana maganar manyan masana a birnin Shiraz na ƙasar Iran, sai a yi shiru a bar Farfesa Hushang Bahramiyan ya faɗi sunansa da kansa, don ba ya gajiya da hakan. Shi ne mai garin ƙarfen nan baƙi, wanda ya fi kwalli laushi. A barbaɗa shi kan sinadarai su haɗu nan take, ba sai an jiƙa su da ruwan narkarwa mai guba ba. In an gama, a kara maganaɗisu a janye shi, a sake amfani da shi. Ɗalibai na kiransa Sarkin Tsatsa, a bayan idonsa.

"Ni na wanke wa kimiyya fuska," yakan ce, yana tayar da tsohuwar motarsa mai turnuƙe unguwa da hayaƙi.

Garin ƙarfen duka kwalba ɗaya ne. Ɗalibar da ta haɗa shi ta tattara ta koma Kanada bayan ya manta sunanta a takardar binciken, shi kuwa rabonsa da riƙe cokalin awo tun yana da gashi. Da wannan kwalba zai yi gwaji gaban minista, a naɗa shi shugaban sabuwar cibiya. Har ya ɗinka kwat.

Ana gobe minista zai zo, sai ga baƙo daga Suwidin, Dokta Eklund. Aka sha shayi, aka ci gyaɗar fistashiyo. Baƙo ya ɗaga kwalbar yana juya ta a haske.

"Wannan abu ya burge ni."

Duk ɗan gari ya san amsar: in baƙo ya yaba abinka sai ka yi masa tayinsa, kuma ya san baki ne kawai. Farfesa ya dafa ƙirji, ya ɗaga murya don ɗalibai su ji.

"Haba, wannan ɗan abin? Bai kai darajarka ba. Naka ne, ɗauka."

Ya tsaya jiran baƙo ya ƙi kamar yadda aka saba, shi ya nace, a sake ƙi. Eklund ya yi godiya, ya jefa kwalbar a aljihu. Ɗalibai suka duƙar da kai, kafaɗu na rawa. Hankalin Farfesa ya tashi ƙwarai, amma girma ya hana shi magana. Wanda ya ce zai haɗiye gatari ai sai a riƙe masa ƙota.

Da yamma ya bi baƙon masaukinsa da dabara. Ya sa aka fito da kwalbar, ya juya ta a haske, ya yi ajiyar zuciya.

"Dokta, wannan abu naka ya burge ni. Ya burge ni matuƙa."

Ya miƙa tafin hannu kaɗan, yana jira.

"Ni ma haka," in ji Eklund. Ya karɓi abinsa, ya rufe akwati.