Kular Guguwa da Hatimi Uku

Ranar Litinin ɗin makon jiya aka kama 'yata a ƙofar makaranta da kayan laifi a hannu. Shekararta takwas. Kayan laifin kuwa wata 'yar kula ce ruwan ɗorawa, murfinta ma ya ɗan tsage, a ciki akwai shinkafa da dafaffen ƙwai guda ɗaya. Ko babur ɗina ban kashe ba mai gadi ya ɗaga kular sama kamar ya cafke ɓarawon waya a kasuwa, ya ce umarni ne daga sama, an hana shigowa da abincin gida. Na ce daga saman ina? Ya nuna mini wata takarda da aka manna a bango. Ruwan sama ya cinye rubutun, saura hoton wani bawan Allah mai kumatu yana miƙa wa yaro cokali yana kallon mai ɗaukar hoto.

Ashe Mai Girma Mai Tausayin Cikin Yara ne ya ƙaddamar da ciyarwa a makarantu, Allah ya ƙara masa tausayi. Ni ban ce abin ba shi da kyau ba, kada wani ya je ya ce na ce. Yara da yawa na zuwa makaranta cikinsu fayau, kowa ya sani. Sai dai masu hangen nesa da ke kewaye da shi sun lura cewa idan aka ga kular gida a hoto, mahassada za su ce abincin Mai Girma ba ya ƙosarwa. Shi ya sa aka hana kula gaba ɗaya. Tunani irin wannan ba a samunsa sai a ɗaki mai sanyi, mu da ke yawo a rana ba zai taɓa faɗo mana ba.

To ga inda matsalata take. 'Yar tawa, wadda muke kira Guguwa a gida, jikinta ba ya karɓar gyaɗa, ko ita kanta, ko manta, ko abin da aka soya da man. Tana shekara uku ta lashi wani biskit a gidan maƙwabta, kafin in gama ɗaure takalmi leɓɓanta sun kumbura, numfashinta ya koma fito. Da takalmi ƙafa ɗaya na isa asibiti ranar. Abincin Mai Girma kuwa, na leƙa na tambayi masu dafawa, da man gyaɗa ake yinsa tun daga Litinin har Juma'a.

Sannan Guguwa ba a banza ta ci sunanta ba. Likita ya ce tana da matsalar tattara hankali wuri guda, ya kuma ce ba rashin ji ba ne, ba kuma rashin ƙwaƙwalwa ba, haka Allah ya yi ta. Ka aike ta ɗaki ta ɗauko safa, sai ta dawo da labarin ƙadangaren da ya rasa wutsiya, da tambayar ko kifi na jin ƙishirwa, safa kuwa sai dai ka je da kanka. Tana ganin komai, tana jin komai, duk a lokaci ɗaya. In ta ƙoshi ana iya zama da ita lafiya. In yunwa ta kama ta kuwa, ko kujerar ƙarfe aka ba ta sai ta koya mata rawa.

Na shiga wajen shugabar makaranta. Mace ce mai kirki, ta san Guguwa sarai, don rabin ranarta a kan Guguwa yake ƙarewa. Ta ce ita ma abin ya dame ta, amma hannunta a ɗaure yake. Akwai fom na musamman, ta ce, na yaran da za a yi wa afuwa su ci abincin iyayensu. Hatimi uku yake so: na likita, na makaranta, da na Ofishin Kula da Abin da Yara ke Haɗiya. Na tambaye ta kafin hatiman su cika me yarinyar za ta ci. Ta gyara biro a cikin gwangwani, can ta ce yarinyar ta riƙa shan ruwa da yawa.

Jama'a, ku da ke da yara kun san yadda mako yake a gidan mai neman na kansa. Maman Guguwa ungozoma ce a asibiti, kuma har yau ba a haifi jaririn da ke duba jadawalin aiki kafin ya taho ba. Ni kuma gyaran firij nake yi, mai kifin da firij ɗinsa ya tsaya ba ya son jin labarin fom. Muna da wata takarda manne a ƙofar firij ɗinmu, an ja mata layi-layi: wa zai kai makaranta, wa zai ɗauko, wa zai kai autanmu wajen kakarsa, yaushe ne ganin likita, wa zai karanta bayan kowane kwalin da aka sayo a ga ko akwai gyaɗa. Takardar ta cika har gefe. Da na ce wa Maman Guguwa sai mun nemo wa hatimi uku gurbi a ciki, ta miƙo mini biro ta ce in nuna mata inda zai shiga, ita kam ta makara.

Hatimin likita bai ba mu wahala ba, illa sai da Maman Guguwa ta roƙi wata abokiyar aikinta suka yi musayar rana. Na makaranta ma an buga. Ranar Laraba kuwa malamar ajinsu ta kira ni ina kwance a ƙarƙashin firij ɗin wani mai sayar da lemo, ta ce Guguwa ta hau taga lokacin cin abinci ta ƙi saukowa. Da na je na tambaye ta dalili, ta ce daga can sama ƙamshin ba ya isowa sosai. Ban yi mata faɗa ba. Na juya ina goge ido, na ce ƙura ce.

Da yamma na je wajen maƙwabcina Baba Masinja, wanda ya yi shekara talatin yana ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur kafin ya yi ritaya. Ya saurare ni yana yanke farce, sannan ya karanta mini darasi. Ya ce kada in je ofishin hatimi na ukun da sassafe, ba su iso ba. Kada in je da azahar, sun fita. Kada in yarda a ce in ajiye takardar in dawo gobe, don shi da hannunsa ya sha tallafe ƙafar tebur mai girgiɗi da irin waɗannan takardun. Ya ce in tafi da yarinyar, in zauna inda Mai Hatimi zai riƙa ganina duk lokacin da ya ɗaga kai.

Na ce, "Baba, Guguwa fa ba ta iya zaman minti goma."

Ya ce, "Shi ma wanda za ku gani ɗin bai iya ba. Ku je ku gwada wa ya fi wani."

Ranar Alhamis, bayan na ɓata awa ɗaya da rabi a layin mai, inda aka rufe famfo saura mutum biyu a zo kaina sai da na tura babur zuwa wani gidan man, muka isa ofishin da ƙarfe goma sha ɗaya. Maman Guguwa ta sako mana makaminta a jaka. Wani ɗan agogon girki ne mai siffar tumatir, a murɗa shi ya yi ta ƙas-ƙas, in lokaci ya cika ya kaɗa ƙararrawa. Da shi muke yin aikin gida na makaranta: minti goma a zauna a yi abu ɗaya tak, ba wasa, ba waige, in ya kaɗa a tashi a yi tsalle, a kuma manna mata tauraron takarda a bayan hannu. Da wannan tumatir muka ci awa biyu a kan bencin jira. A tsakanin zama da zama Guguwa ta ƙirga fankoki shida a silin, ta sanar da jama'a cewa ɗaya ce ke juyawa, ta kuma gano cewa agogon bangon ya tsaya a ƙarfe huɗu da kwata, wanda wata tsohuwa a kusa da mu ta ce haka ta same shi bara.

Aka kira mu. Ranka ya daɗe Mai Hatimi mutum ne mai cika kujera, gabansa waya uku, bayansa talabijin na ta yi ba murya. Ya karɓi fom, ya tambayi sunan yarinyar, waya ta farko ta yi ƙara. Ya gama, ya sake tambayar sunan, wani abokinsa ya leƙo suka yi zancen fili. Ya ɗauki hatimi har ya hura masa iska, sai aka zura ƙwallo a talabijin. Da ya dawo gare mu ya karanta bayanin likita, sai ya cire tabarau ya yi mini nasiha. Ya ce su a zamaninsu ba a san wata cuta wai ita rashin tattara hankali ba, sangarta ce kawai ta iyayen yanzu, yaro in aka ce ya zauna ya yi abu ɗaya, to ya zauna ya... Waya ta biyu ta katse shi. Da ya ajiye ta sai ya dube ni ya ce, me ma ya kawo mu?

Ina haɗiye abin da ya taso mini, don na san in ya fito Guguwa za ta gama makaranta a kan taga, sai na ji ƙas-ƙas. Ta ɗora tumatir a kan teburin mutumin, tsakanin wayoyinsa.

Ta ce, "Kawu, kai ma irina ne. Ba laifinka ba ne. Ka sa wayoyin a aljihun tebur, minti goma kawai, ka yi abu ɗaya. In ka iya zan ba ka tauraro."

Wallahi na riga na fara lissafin ta wace ƙofa za a fitar da mu. Sakatarensa ya sunkuyar da kai yana tari. Mai Hatimi ya dubi yarinyar, ya dubi tumatir, sai ya fashe da dariya har tumbinsa na bugun tebur, ya ce shi za a gwada? Ya kwashe wayoyin nan uku ya zuba a aljihun tebur, ya juya wa talabijin baya, ya gyara zama. Wayoyin suka yi ta kuka a ciki, hannunsa na zuwa yana dawowa, Guguwa na girgiza masa kai. Ya karanta fom ɗin daga sama har ƙasa, abin da nake zaton bai taɓa faruwa da wani fom a ginin nan ba. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya rubuta kwanan wata. Minti huɗu aikin ya ci. Ragowar shidan, tunda ƙararrawa ba ta kaɗa ba kuma Guguwa ta ce ba a tashi, ya sallami mutum uku da ke bayanmu, har da tsohuwar nan ta bara. Ya karɓi tauraronsa a bayan hannu, ya ja hannun riga ya rufe shi. Muna fita ya aiko sakatare ya tambaye ni a ɓoye inda ake sayar da irin agogon.

Juma'a na kai takardar makaranta. Litinin ɗin nan Guguwa ta shiga ƙofa da kularta a gaba, takarda mai hatimi uku a wuya cikin leda, mai gadi har da ƙamewa. Na tafi aiki zuciyata wasai, rabon da in ji haka tun kafin a manna hoton mai kumatu.

Da na je ɗaukarta ƙarfe uku na tarar da makarantar tsit, yara na fitowa a sanyaye. Shugabar makaranta ta ja ni gefe ta ce yau abinci bai zo ba. An kwashe motocin da ke rabawa, da tukwanen, da masu dafawar, an tafi da su babban bikin murnar cika wata uku da fara ciyarwa, inda za a nuna wa manyan baƙi yadda shirin ke tafiya ba tangarɗa. Dokar hana kula kuwa tana nan, ba wanda ya janye ta. Wato a makarantar nan kaf, yaro ɗari huɗu da wani abu, 'yata kaɗai ce ke da izinin hukuma ta ci abinci ranar.

Ta hau bayan babur da kula fayau, ta kwantar da kai a bayana, abin da ba ta saba ba. Na tambaye ta ko ta ƙoshi. Ta ce cokali biyu ta ci. Su talatin da huɗu ne a aji, ta jera su layi, kowa cokali ɗaya, ƙwan kuma ta ba wata da ke kuka. Na ce in a cikinsu akwai wanda wani abu ba ya karɓarsa fa, kamar ke?

Ta ce, "Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya kafin in ba su. Ba ni da fom, Baba, sai na tambaye su da baki."

Don haka ina roƙon Mai Girma da muƙarrabansa, in labarin nan ya iso gare su bayan an gama biki, a yi mata afuwa. Yarinya ce, kuma likita ma ya shaida hankalinta ba ya zama wuri guda. In ta girma ta samu ofis za ta koyi yadda ake yi.