Marigayi Kumai Ya Goya Mai Girma

Ranar Alhamis ɗin makon jiya na je gaisuwar mutuwa a wani ƙauye bayan Madakiya, kuma mamacin ne da kansa ya kawo mini kujera. Ya share ta da hularsa, ya ce, "Ticha, zauna nan gefe, gaba na manyan baƙi ne." Na zauna. Me zan ce? Wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa a ƙasar nan ya daɗe da daina mamaki.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Kumai wan matata ne, manomin citta, ƙato mai faɗin kafaɗa. Tsakanin ƙauyensu da hanyar Kafanchan akwai rafi, ba gada. Da rani ko akuya tsallake shi take yi, amma da damina sai a bayan mutum ake hayewa, kuma Kumai ne gwanin masu goyon. Shekara goma sha biyar suna rubuta takardar neman gada. Ni ne marubucin, har na haddace ta. Bara Yemima, 'yar Kumai, ta haihu a bakin rafin nan ana jiran ruwa ya ja, asibiti yana ƙetare. Jaririn bai kwana ba. Da yake ba a kai ga raɗa masa suna ba, bai shiga takardar kowa ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

To, a watan Yuli Kumai ya ɗauko buhun taki a ka ya shiga rafin, ruwa ya kwashe shi da buhun. Aka yi kwana biyu ana nema, shiru. Ashe can ƙasa da nisa ya maƙale a saiwar itace, wasu makiyaya suka tsamo shi suka yi jinyarsa, ba waya ba komai. A rana ta uku ya shigo gida da ƙafarsa, ya tarar an kafa rumfa, zumuntar matan coci na tuƙa tuwo. Aka watse da gudu, daga baya aka dawo ana kuka ana rawa. Fasto ya ja kunnen jama'a cewa kada ya ji wani ya yi wa'azi da lissafin kwana ukun nan, wai Kumai ya tashi a rana ta uku kamar Almasihu.

Sai dai labarin ya riga shi isa birni. Mai Girma Wakilinmu, Muryar Marasa Murya, Bangon Jinginar Talakawa, yana da wani ma'aikaci mai suna Clinton, mataimaki na musamman kan harkokin jaje da ta'aziyya. Kada ku tambaye ni wane wakili ko wace majalisa. Allah ya albarkace mu da su hawa-hawa, kowa ya zaɓi nasa. Tun daren farko Clinton ya aika da sunan, washegari Mai Girma ya miƙe a zauren majalisa da ƙudurin gaggawa.

Gaskiya ya yi magana. Ya kira Kumai ginshiƙin al'umma, ya cire tabarau ya goge ido. Sannan aka buɗe muhawara. Wani ya ce kafin a ci gaba sai an tantance ko gada ake nema ko kwalbati, domin kwamitinsu daban-daban ne. Wani ya ce a mazaɓarsa akwai kogin da ya ninka wannan sau goma, ya ci mutum bakwai bai kawo ƙara ba. Wani kuma ya nemi a ƙara sakin layi na gargaɗin manoma kan ɗaukar kaya masu nauyi. Daga ƙarshe aka miƙe tsaye aka yi wa marigayi shiru na minti ɗaya, aka miƙa maganar ga kwamiti ya kawo rahoto cikin mako huɗu.

A gidana Kumai ya kalli abin a waya, sau uku. Ya ce, "Ticha, minti ɗin bai cika ba." Na duba agogo, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Ya kuma nuna mini wani mai babbar riga a layi na biyu da yake danna waya ana tsakiyar shirun. Amma ya ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya ce tunda aka haife shi ba a taɓa tashi tsaye dominsa ba.

Ni da ƙaramin tunanina na ce mu je ofis a gyara kuskure. Muka je. Clinton ya kalli Kumai sama da ƙasa, ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Baba, mun gode wa Allah da ya dawo da kai. Amma ka san ka sa mu a matsala?"

"Wane matsala, ɗana? Ai na dawo ne kawai."

"Ƙudurin nan a kan gawarka yake tsaye. In Oga ya tashi ya ce kana da rai, 'yan adawa za su ce ya yi wa majalisa ƙarya. A janye ƙuduri, gada ta tafi. Ka yi haƙuri ka ci gaba da mutuwa, zuwa a sa gadar a kasafi."

"Har yaushe ke nan?"

"Baba, ai ba a sa wa majalisa lokaci."

Aka kira taron gari a ƙarƙashin mangwaro. Mai unguwa ya ce shekara goma sha biyar rayayyu suna magana ba a ji ba, yanzu da aka samu mamaci ɗaya da ake sauraro, bai kamata a yi wasa da shi ba. Hulda, matar Kumai, ta ce ita dai ba za ta sa baƙin zane ba mijinta na cinye mata tuwo kwano biyu kowane dare. Fasto ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, amma in ba a tambaye shi ba, ba zai tsoma baki ba. Sai Kumai ya miƙe. Ya dubi inda Yemima take zaune, sannan ya ce, "In dai gada zai zo, na mutu." Ban ga wanda ya yi dariya ba.

Mutuwa a ƙauye ba ƙaramin aiki ba ne, jama'a. An cire shi daga layin gaba na mawaƙan coci saboda masu ɗaukar hoto. Rijistar taki ta zo, aka ce ba a ba mamaci. In baƙuwar mota ta tsaya a ƙetare, sai ya shige rumbu. Mako huɗun kwamiti ya zama wata uku.

Sai ranar Alhamis ɗin nan. Aka ce kwamiti na tafe duba wurin, su kuma yi wa iyali ta'aziyya. Aka sake kafa rumfa, Hulda ta ɗaura zane mai duhu, ta ce shuɗi ne ba baƙi ba, kowa ya shaida. Shirin shi ne da Kumai ya gama jera kujeru ya shiga rumbu. Motoci biyar suka iso bakin rafi suka tsaya cirko-cirko, ruwa har ƙugu. Samari suka goya 'yan kwamitin ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Mai Girma, wanda Allah ya yi wa albarkar jiki, sai samarin suka shiga kallon juna. Mai unguwa ya ce in aka kayar da wannan a ruwa, mu da gada sai a Mulkin Sama. Aka aika a fito da marigayi daga rumbu.

Ina bakin ruwa, da kunnena na ji. Sun kai tsakiya, Mai Girma ya riƙe wuyan Kumai da hannu ɗaya, takalmansa a ɗayan, ya ce, "Bawan Allah, ka san marigayin?"

"Na san shi, ranka ya daɗe."

"Wane irin mutum ne?"

"Mai haƙuri ne, ranka ya daɗe. Ɗaga ƙafa, akwai rami a nan."

Ya sauke shi a kan busasshiyar ƙasa, ko bakin wandonsa bai jiƙe ba. Mai Girma ya yi wa Hulda ta'aziyya mai ratsa jiki, ya ce mijinta bai mutu a banza ba. Hulda ta rufe fuska da gyale kafaɗunta na rawa, 'yan jarida suka ɗauka kuka take yi. Aka ci shinkafa, Kumai ya sake goya shi ya mayar.

Rahoton da ya gagara wata uku, cikin kwana shida ya fito. Jiya Clinton ya karanta mana shi a waya. Kwamiti ya gano cewa dukan membobinsa tara sun haye rafin sun dawo lafiya ba tare da ko ɗaya ya jiƙe ba, wanda ya nuna akwai ingantaccen tsarin sufuri na gargajiya a wurin. Saboda haka gada ba ta cikin abubuwan gaggawa. Amma don karrama wanda ya rasu, an amince a kafa allo a bakin ruwa, a sa wa wurin suna Mashigin Marigayi Kumai.

Kumai ya karɓi wayar. "To ɗana, tunda babu gada, zan iya dawowa da rai?"

"Haba Baba! An riga an buga allo."

Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Ban bi shi ba.

Ni dai nawa jinjina ne ga Mai Girma, da ya kai kukanmu inda ba mu taɓa zaton zai kai ba. In kuma hanya ta biyo da ku wajenmu kafin ruwa ya ja, kada ku hau bayan yaran nan, ƙafarsu ba ta zauna ba tukuna. Ku ce a kira muku marigayi.