Yadda Na Ƙona Lasifikokin Baba Tanko

Abubuwa da yawa sun gudu daga kaina yanzu, har sunayen jikokina sai na yi lalube, amma ba zan taɓa mantawa da bikin Sale a Toranke ba. Lokacin naira tana sabuwa a hannun mutane, ni kuma ina sabon malamin firamare a Ajingi. Na dawo daga kwaleji a Kano da wando mai faɗin ƙafa da ke share hanya, da gashi tuli guda, da garmaho mai batir, da faifan kiɗan Turawa da ake kira rok. (Ba na jin ko kalma ɗaya a waƙoƙin, amma ina gyaɗa kai kamar da ni aka tsara su.) A ganina duk ƙasar Gaya ba wanda idonsa ya buɗe sai ni.

Sale abokina ne tun muna yara. Da aka sa ranar aurensa na ce ya sallami masu kalangu, ni zan kawo kiɗan da ba a taɓa ji ba. Ya yarda, don shi mutum ne mai kunyar musu.

Garmahona ba ya wuce ɗaki, dole sai da lasifika. A yankinmu kuwa mutum ɗaya ke da ita, Baba Tanko mai tallan maganin tsutsar ciki a kasuwar Ajingi. Nasa guda biyu ne, irin masu baki kamar ƙaho, ana jin su tun daga bakin kasuwa har ƙarshenta. Na je na durƙusa na roƙa. Ya daɗe yana kallon wandona kafin ya yi magana.

"Malam, waɗannan su ne gonata, su ne fartanyata. Muryata ta dushe tun bara, in ba su ba mai jin tallana. Ka dawo min da su lafiya kafin ranar kasuwa."

"Baba, ko ƙura ba za ta taɓa su ba," na ce.

Ya miƙo min har da ɗan akwatin da ke ba su ƙarfi, wato amfilifaya. Bai fi kwalin sukari ba. Na yi masa godiya, na ce ya bar abinsa. A raina na riga na yi lissafi irin na masu ilimi: in wannan ɗan mitsitsin abu yana cika kasuwa, to babba zai kai kiɗana har cikin Gaya.

Na hau mota sai Kano, wani shago a Sabon Gari da ke ba da hayar kayan sauti. Mai shagon ya tambaye ni wace irin lasifika zan haɗa, na ce ya bar wannan zancen, ya nuna min manyan amfilifayoyi. Kun san yadda na zaɓa? Ɗaga su na riƙa yi ɗaya bayan ɗaya ina jin nauyi, kamar mai sayen ragon layya. Wadda ta kusa karya min ƙugu ita na ɗauka, irin ta gidan silima, mai cin batirin babbar mota har biyu. A tasha yaron mota ya tambaye ni ko injin niƙa ne, na ji daɗi ƙwarai.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, lasifikar ƙaho ba ta da ci. Ɗan ƙarfi kaɗan ya ishe ta ta tashi gari, shi ya sa akwatin Baba Tanko yake ƙarami. Ni kuwa na shirya ɗura mata abincin ƙarti goma.

Ranar biki bayan la'asar, dattawa suna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, mata cike da tsakar gida ana rabon tuwo. Na ɗaure lasifikokin a jikin darbejiya, ɗaya tana kallon dattawa, ɗaya tana kallon cikin gida, don kada a ce na yi son kai. Ina kunna amfilifayar, tun ban sa faifai ba, sai ga wani huci yana fita kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce wa Sale, "Ka ji ƙarfi ko?"

Na ɗora allura. To faifan nan yana da wata ɗabi'a da na sani sarai, amma zumuɗi ya mantar da ni: yana farawa ne a hankali, jita ɗaya tana ɗan kuka can ƙasa-ƙasa. Na ga dattawa suna karkato kunne, wani ma ya ce, "Shi ke nan kiɗan?" Raina ya ɓaci. Na kama abin ƙara sauti na murɗe shi har ya tsaya. Ina sakin hannu, masu ganga da sauran jitocin suka shigo gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya, labari aka ba ni. An ce jakin da ke ɗaure a gindin darbejiyar ya tsinke igiya, sai a hanyar Balan aka kamo shi. Liman ya tashi da gudu ya bar takalmansa. Kwanon miya ya kife a kan ƙanwar amarya. Kakar Sale, Iya Abu, ta tabbatar an busa ƙahon tashin duniya, ta rungume maƙwabciyarta tana kuka tana cewa, "Ladi ki yafe ni, kazarki da ta ɓata da damina ni na yanka."

Na ce labari aka ba ni saboda ni a lokacin idona a rufe yake. Ina tsakiyar fili ina rawa, ina kaɗa gashi, ina murza jitar da babu ita a hannuna. Lasifikokin ba su jima ba suka yi wani tari, suka fitar da hayaƙi, suka mutu. Amma kunnuwana sun riga sun toshe, suna ta ƙugi, na ɗauka kiɗa na nan. Haka na ci gaba da tsalle ni kaɗai cikin shiru, gaban surukan Sale da iyayen ɗalibaina, ina ihu, "Wannan shi ne zamani!"

Sale ne ya dafa kafaɗata. Na buɗe ido na ga gari guda yana kallona, ga warin ƙonewa, ga Ladi ta riƙe zanin Iya Abu tana tambayar kazarta. Kunya ta rufe ni. Aka aika a kira masu kalangun da na sa aka sallama, suka zo suna murmushi, babbansu har da gaishe ni da aiki.

Washegari na kai wa Baba Tanko gawar lasifikokinsa. Ya shinshina ɗaya, ya shinshina ɗayar, bai zage ni ba, abin da ya fi yi min ciwo ke nan. Na ce zan kai su Kano a gyara.

"Ka kai, Malam. Amma kafin su dawo wa zai yi min talla?" Ya dube ni sama da ƙasa. "An ce jiya muryarka ta kai bayan gari."

Gyaran ya ɗauki makonni. Duk ranar kasuwa, da an tashi daga makaranta, sai in hau kan benci kusa da tabarmarsa, da wandona mai faɗin ƙafa, ina kwarara, "Ina mai tsutsar ciki? Ina mai yaro mai kumburin ciki? Ga magani ya zo." Ɗalibaina suna jere a gaba suna amsa min kamar muna aji. Baba Tanko yana zaune yana miƙa ƙulli, lokaci-lokaci ya ɗago ya ce, "Malam, ƙara sauti kaɗan."

Tun daga nan na koyi tambayar abin da abu yake buƙata kafin in ɗura masa abin da nake da shi. Har yau in jikana ya kunna rediyo, hannuna ne ke fara kaiwa wajen ragewa. Su kuwa tsofaffin ɗalibaina, wasunsu da furfura yanzu, in mun haɗu a Ajingi sai su durƙusa cikin ladabi su ce, "Barka da rana, Malam Mai Tsutsa."