Ranar da Na Makantar da Rabin Illela

Ba zan taɓa mantawa da ranar kasuwar da na makantar da mutum ashirin da ɗaya kafin azahar ba. Zamanin Turawa ne, ina ɗalibin kwaleji, na zo gida hutu. Burina ɗaya a duniya: in tafi makarantar koyon gwajin ido, in dawo ina yanka wa mutane tabarau. Amma En'e, hukumar gargajiya, ba ta biya wa kowa karatu sai da takardar shaida daga hakiminsa, shi kuwa hakiminmu ya ce sai ya ga amfanin abin da idonsa.

Sai na ce to, zai gani. Na samo farin kwali, na kwafo allon gwaji daga littafi. Da yake mutanenmu ba su karanta boko, na zana alama ɗaya mai ƙafa uku, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Mutum zai tsaya nesa da ƙafa ashirin, ya nuna da hannu inda ƙafafun suka kalla. Kwana biyar ina bitar allon nan har na haddace shi kamar Fatiha. (Ku riƙe wannan, nan ne kifi ya fara ruɓewa.)

Ranar kasuwa na rataya shi a rumfar goron Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata. Na auna ƙafa ashirin, na ja layi a ƙasa, na tsaya da farin wando da alƙalami a kunne. Kafin a fara, iska ta jefar da allon, Kawu ya ɗauka ya mayar. Na hango farin abu a inda ya kamata, na ce madalla.

Na farko wani madugu ne daga Ƙonni. Ya nuna sama, a haddata ƙasa ce. Ya nuna dama, a haddata hagu. Na girgiza kai cike da tausayi, na ce masa ya daina tafiyar rana. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Wata mai fura ta fashe da kuka, wai dama ta lura kwanan nan tana ba da canji ba daidai ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi nake ji. Na gano annoba, har na fara tsara yadda za a rubuta sunana a littafi.

Ana cikin haka hakimi ya iso, tare da Ardo Bello na wajen Tozai. Ardo shi ne duk shekara yake fara ganin jinjirin watan azumi, kuma shaidarsa ake aikawa Sakkwato. Hakimi ya ce a gwada shi. Ardo ya rufe ido ɗaya, ya bi allon tun daga sama har layin ƙarshe ba tsayawa. Ko ɗaya bai dace da haddata ba.

Na gyara murya. "Ranka ya daɗe, abin baƙin ciki ne, amma Ardo ya kusa makancewa."

Liman da ke gefe ya tambaya ko ke nan azumin shekara goma sai an rama.

Ardo bai yi fushi ba. Ya dubi allon, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ƙudan ga da yaz zamna bisa takardakka, shi ma cikin gwajin yake?"

Na ce, "Wane ƙuda?" Gaskiya ko rumfar da kyar nake rarrabewa.

Hakimi ya ce, "Malam, kai ma karanta muna."

Na rufe ido ɗaya (da na rufe duka biyun ma duk ɗaya ne), na zuba hadda tiryan-tiryan, ina nuna ƙasa inda kowa ke ganin sama. Dariya ta fara daga baya. Hakimi ya ce in matso. Na matsa taku biyar, fari kawai nake gani. Na ƙara biyar. Sai da hancina ya kusa taɓa kwalin na ga Kawu a kife ya rataya shi. Duk mutanen nan daidai suka faɗa.

Kawu ya ce, "To ni mi nas sani? Kai ad da ilimin, kana tsaye kana kallo nai."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mai fura ta share hawaye, ta zo gabana ta ɗaga yatsu uku, ta ce nawa ne nan. A ranar na fahimci dalilin da tun ina firamare nake kokawar zama a bencin gaba; ni na ɗauka son karatu ne.

Takarda dai hakimi ya bayar, ya ce yaron da zai haddace abin da ba ya gani bai kamata a bar shi a gida ba. Amma ya sa magatakarda ya ƙara layi ɗaya: idan na isa makarantar, a fara duba nawa idon.

Na yi shekaru masu yawa ina gwada idon mutane da tabarau mai kaurin gindin kwalba a fuskata. Duk ɗalibin da aka kawo mini, kafin in ba shi littafi sai na tsayar da shi a bayan layi. Idan mutum ashirin da ɗaya suka ce sama, kai kaɗai ka ce ƙasa, kada ka yi saurin rubuta musu magani, matsa kusa tukuna.