Yadda Muka Yashe Kwata da Kyamara

Jama'a, ranar Asabar da ta wuce maman yara ta hana ni shiga gidana. Ta tare bakin ƙofa, bokiti a hannu ɗaya, sabulun wanki a ɗayan, ta ce, "Baban yara, ko kai waye, yau a waje za ka yi wanka." Na ce ta iya bakinta, da shugaban gobe take magana, ina da takardar shaida mai hatimi. Ta toshe hanci ta ce, "To, shugaba ya cire rigar nan tukuna, kaji ma sun gudu."

Bari ku ji yadda aka yi mai walda ɗan shekara hamsin da uku, wanda karatunsa ya tsaya a aji uku, ya zama shugaban gobe, ya kuma dawo gida da baƙin taɓo har wuya.

A gaban shagona akwai kwata. Shekara huɗu rabon da ruwa ya bi ta cikinta. Leda, robobin ruwa, ƙyallayen Tela maƙwabcina, takalmi wari ɗaya, har da wata katifa da duk unguwa ta rantse ba ta san mai ita ba. Da an yi ruwan sama sai ya zo bakin kwatar ya leƙa, ya ga ba hanya, ya juyo ya shigo shagona kamar gidan ubansa. Bara ya shige cikin injin waldata. Mai gyara ya sake naɗe wayar, ya ce da ni, "Wannan ne naɗi na ƙarshe. In ya ƙara shan ruwa, sai dai ka kai wa masu sayen ƙarafa." Injin nan shi ke ciyar da mutum bakwai. Ga shi kuma hadari ya fara haɗowa da yamma.

Mun je ofishin da ya kamata. Suka ce mu rubuto. Muka rubuto. Suka kafa kwamiti. Kwamitin, Allah ya saka masa da alheri, ya zo ya duba kwatar daga cikin mota, gilashi a rufe, ya tafi. Na ce to mu fito mu yashe abinmu da kanmu. Sau uku ina kiran mutane. Karon farko ciwon baya ya kama unguwar gaba ɗaya. Karo na biyu kowa aka yi masa rasuwa a dangin matarsa. Karo na uku ni kaɗai na fito, sai wata akuya.

Ana nan sai ga amsa daga ofishin. Mun nemi shebur da baro, suka aiko da takardar gayyata: unguwa ta turo matashi ɗaya bita ta kwana uku, za a horar da shugabannin gobe yadda ake haɗa kan jama'a a sauya al'umma.

Tela ya ce, "Kai za ka je. Kwana tara ba wuta, zaman banza kake."

Na ce, "An ce matashi. Ka dubi gemuna."

Ya ce, "Ni ke cike takardar. Shekararka talatin da huɗu. Furfurar ta gado ce."

Haka na tsinci kaina a wani otal mai sanyi kamar cikin firiji, an rataya mini kwali a wuya da sunana, kamar ragon da za a kai kasuwa. Mai koyar da mu wata Malama ce mai fara'a, da makirufo a hannu. Abu na farko da aka koya mana shi ne tafi. Ni da na ɗauka na iya tafi tun ina goye. Ashe akwai tafin sauro, akwai tafin jirgin ƙasa, akwai tafin ruwan sama, wanda ake farawa da yatsa ɗaya, sai biyu, sai uku, har a ɓarke gaba ɗaya. Awa guda muna ruwan sama da hannu, ni kuwa hankalina yana kan na gaskiyar.

Daga nan aka raba mana manyan takardu, kowa ya zana bishiyar matsala. Na zana kwata, da katifar a ciki. Malama ta zo ta ce, "Baba, bishiya aka ce. Saiwa ita ce dalili, rassa su ne sakamako."

Na ce, "Malama, matsalata ba bishiya ba ce. Da bishiya ce da tuni na sare ta mun yi girki."

Ta yi dariya ta ce in dai zana. Na zana bishiya a tsakiyar kwatar. Aka yi mini tafin sauro.

Rana ta biyu aka ce darasin amana. Mutum ya rufe ido ya faɗi da baya, ɗan'uwansa ya tare shi, wai haka shugaba ke dogara da jama'arsa. Aka haɗa ni da wani mai digiri biyu, siriri kamar rodi. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ka taɓa ɗaukar buhun siminti?" Ya ce shi ya karanci shugabanci. Na rufe ido na tafi. Sai da mutum huɗu suka zaro shi daga ƙarƙashina.

Rana ta uku ce aka ce babban baƙo zai zo raba takardun shaida. Ba zan faɗi muƙaminsa ba, domin ni ma ban gane shi ba; mu dai a unguwa Mai Girma Mai Almakashi muke ce masa, saboda ba a taɓa ganinsa ba sai inda ake yanka kirtani. Ya makara awa huɗu, ya yi mana jawabi kan muhimmancin kiyaye lokaci. Mutum ɗaya na riƙe masa waya, ɗaya na buɗe masa robar ruwa, ɗaya aikinsa kawai ya gyaɗa kai.

To a nan ne na yi karatun da ya fi na kwana ukun. Tun da aka fara bitar, Malama ke roƙon mutane su dawo daga shan shayi, ba mai motsi. Amma da aka ce, "Hoto! A fito hoto!" wallahi sai ka ce an ce gobara. Mai digiri biyu da ke ɗingishi ya tsallake tebur. Mai Girma da kansa, wanda ba ya buɗe robar ruwa, ya ɗaga kujera ya matsar don kada ta tare masa takalmi. Aka ce hoton ya kama shi ido a rufe, a sake. Ya sake. Sau biyar yana miƙa mini takarda ɗaya yana murmushi, bai gaji ba.

Na dawo gida, ban ko zauna ba na wuce shagon Mai Hoto. Tsoho ne, tun da waya ta fito kasuwarsa ta mutu, amma yana da wata tsohuwar kyamara mai ƙafa uku, girman akwatin talabijin. Na faɗa masa abin da ke raina. Ya yi dariya har sai da ya yi tari, ya ce, "Ɗana, shekara arba'in ina sa manya su karkata kai. Bar ni da su."

Tela ya rubuta takarda: unguwa na roƙon Mai Girma ya zo ya ƙaddamar da Gagarumin Shirin Yashe Kwata, amfanin farko na bitar da ya ɗauki nauyi, za a yi hoto na tarihi. Mu da muka yi shekara huɗu muna jiran a yashe mana kwata, wannan takardar kwana biyu ta yi aka amsa ta. Ranar da amsar ta iso wuta ma ta dawo. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: a kafa allo da sunan Mai Girma. Na ce wannan aikina ne. Na ɗauko ƙarfe mai kauri, na je na auna faɗin kwatar kafin in yanka. Tela ya ce, "Me ya haɗa allo da faɗin kwata?" Na ce ya ji da ɗinkinsa.

Sai na bi gida gida na sanar: ranar Asabar za a yi hoto da Mai Girma, amma sai mai shebur a hannu zai shiga. Jama'a, ban taɓa ganin maganin ciwon baya irin wannan ba. Mutane har aron shebur suka je yi wata unguwa.

Asabar ta zo. Mai Girma ya sauko cikin fararen kaya, aka miƙa masa sabon shebur ɗaure da kirtani. Ya ɗebo taɓo kamar cokali guda, ya kalli kyamara. Mai Hoto ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyalle, ya daɗe, ya fito.

"Ranka ya daɗe, ka rufe ido. A sake."

Aka sake.

"Ranka ya daɗe, shebur fayau ba ya kyau a hoto. A cika shi. Ku na baya ba a ganinku. Duk mai son fitowa ya shiga cikin kwatar, nan ne tsakiyar hoton."

Mutum talatin suka afka. Masu riƙe wa Mai Girma waya da ruwa suka ga maigidansu na haƙa, suka ji kunya, suka naɗe wando. Baro ya fara kai da komo.

"Rana ta hasko mini gilashi. A matsa gaba taku biyar."

Muka matsa. Taku biyar, taku biyar, tun daga shagon Tela har muka wuce nawa. Ina ɗago kai sai na ga Malama a gefe, ashe an gayyato ta. Ta matso ta ce a hankali, "Baba, a wane darasi na koya maka wannan?" Na ce, "Rana ta uku, bayan shayi." Ta cire takalmi ta karɓi shebur.

Saura taku goma mu kai kwalbati, inda katifar ta toshe, sai mai gyaɗa kai ya fara zargi. Ya ce, "Tsoho, nuna mana hoton mu gani." Mai Hoto ya ce, "Yaro, ta fim ce, sai an wanke." Mai Girma ya duba agogo, ya duba rigarsa da ta koma kalar toka, ya ajiye shebur. Na leƙa bakin kwalbatin. In katifar nan ba ta fita ba, duk aikin banza ne, ruwa zai dawo ya sha injina. Ga gabas ta yi baƙi.

Ban san lokacin da na daka tsawa ba: "Jama'a, tafin ruwan sama ga Mai Girma! Yatsa ɗaya!" Malama ta karɓa. Yatsa biyu, yatsa uku, unguwa ta ɓarke, mata na leƙowa ta katanga. Mai Girma ya kumbura, ya ɗauki shebur da kansa, ya ce, "Ina katifar take?"

Muka ɗaura mata igiya, ni ne a ƙarshe. Muka ja, muka ja, ta fito da wani irin sauti da ba zan rubuta a jarida ba. Igiya ta saki, na tafi da baya. Na tuna darasin amana, na rufe ido, na dogara da jama'ata. Jama'ata duk suna kallon kyamara.

Shi ya sa maman yara ta tare ƙofa.

Ranar Litinin da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a ƙofar shago ina kallo. Ruwan ya zo bakin kwata, ya leƙa kamar yadda ya saba, ya ga hanya, ya wuce ko sallama bai yi mini ba. Injina a bushe. Na kunna shi don kawai in ji kukansa.

Allon kuwa ban kafa shi a tsaye ba, iska za ta kayar da shi. Na kwantar da shi a kan kwatar, ya zauna daram, yanzu ta kansa tsofaffi da masu baro ke tsallakawa. Saboda ladabi na kifa rubutun ƙasa, kada a taka sunan babban mutum. Ga shi nan dare da rana yana duba aikinsa, abin da kwamiti bai yi ba.

Jiya mutane suka taru a shagon Mai Hoto, kowa na neman nasa, har da ɗan aike daga ofishin. Na ja Mai Hoto gefe na ce, "Baba, ina hoton?" Ya ce, "Wane hoto? Rabon kyamarar nan da fim shekara goma sha biyu." Sannan ya fita ya gyara murya, ya shaida wa jama'a cewa hoton bai fito da kyau ba, dole a sake. Ya ce ya zagaya unguwa kaf, babu inda haske ya fi kyau kamar bakin ramin nan na mahaɗa, wanda ke cinye tayar mota.