Yadda Za Ka Zama Jigon Jam'iyya da Famfon Feshin Fara

Kai ɗan'uwa, da ke zaune gindin bishiyar bedi kana kallon sa'o'inka ana lodinsu a mota zuwa mitin Maraɗi, kai ko ƙosan taro ba a kira ka ci ba, share hawayenka. Tun da aka tashi daga taron ƙasa a Yamai aka ce soja su koma bariki, kowa na iya zama wani abu, har wanda bai iya ɗaure akuya ba. Muddin kana da famfon feshi a ɗaka da ragowar maganin fara a bido, wato jarka, na yi maka alkawari kafin a kai damin ƙarshe rumbu za a riƙa miƙewa tsaye in ka shigo taro. Ni Mumuni tela, mai keken ɗinki a bakin tashar Gazawa, ba a littafi na samo wannan ilimi ba. A gabana Zaharaddini na Garin Tala ya bi shi daki-daki, ya kuma kai shi inda bai taɓa mafarki ba.

Mataki na ɗaya: Raina kakanninka

Da wannan ake farawa. Mutanen da, in fara ta sauka, sai gari ya fito kwansa da kwarkwatarsa. A haƙa dogon rami, a koro 'ya'yan fara da reshe, a binne, a tada hayaƙi, yara na bugun ƙwarya. Wake kuwa a cuɗe shi da toka ko yashi a rufe. Ka ga wahalar banza ke nan: aiki ne da sai kowa ya sa hannu, saboda haka ba wanda zai zo ƙofar gidanka ya durƙusa.

Nasara ya zo da dusa mai guba da bulala. Soja suka zo da jirgin sama, ya yi feshi, fara ta mutu, kaji suka bi ta, zuma ta yi ƙaura. Duk wannan ka haddace shi, ba don ya amfane ka ba, sai don ka riƙa cewa "mu da muka san tarihi" in gardama ta yi zafi.

Mataki na biyu: Ka zama kai ne famfo ya kwana a ɗakinsa

Bayan babbar farar zamanin soja, malamin gona ya zaɓi 'yan maza a kowane gari, ya koya musu feshi, ya bar musu famfo da bido da ɗaurin jajayen ƙyallaye. Doka ɗaya ya nanata har makogwaronsa ya bushe: duk gonar da aka fesa, a kafa mata sanda da jan ƙyalle, kada a cire sai magani ya huce. Makiyayi ya gani ya juya bisashensa, mai kamun fara ta gani ta canza hanya.

Yanzu malamin gona wata da watanni bai ga albashi ba, babur ɗinsa ma ya zama wurin kwanan kaji. Ba mai zuwa dubawa. Abokan Zaharaddini sun tsallaka Nijeriya cin rani, famfo ya rage a ɗakinsa shi kaɗai. Kai ma ka yi haƙuri irin nasa, ka zauna har masu hankali su watse.

Sai dai ka lura da abu ɗaya. A gidan Zaharaddini akwai uwarsa, tsohuwar da gari duka ke kira Gogo. Da kamun fara ta rene shi. Kullum da sanyin asuba, lokacin da raɓa ta nauyaya wa fara fukafukai, takan ɗauki buhu ta bi gonaki, ta dawo ta dafa, ta shanya, ta soya da yaji. Gogo ba ta san boko ba, ba ta san jam'iyya ba. Jan ƙyalle kaɗai ta sani, kuma a kansa ta ɗora ranta.

Mataki na uku: Kada ka auna

Rubutun da ke jikin bido da harshen mutanen da suka ba da kyautar aka yi shi, kuma rana ta cinye rabinsa. Kada ka wahalar da kanka. Maganin ya daɗe a ɗaka? To ai ƙarfinsa ya ragu, ninka shi. In ka ji kanka na juyawa, alama ce yana aiki. Safar hannu da abin rufe hanci na matsorata ne, kuma jigo ba ya ɓoye fuskarsa ga jama'a.

Mataki na huɗu: Tambayi gona katinta

Nan ne gishirin karatun. Da can fara annoba ce, yanzu kuwa 'yar kamfe ce da ba ta neman goro. Manomi zai zo hankali tashe, fara ta hau masa gero yana cikin madara. Kada ka tashi daga tabarma. Tambaye shi lafiyar iyali, ka tambaye shi ruwan bana, sannan ka ce, "Af, wai kai wace tuta kake bi?"

Cikin kaka ɗaya Zaharaddini ya shigar da rabin Garin Tala jam'iyyarsa ba tare da ya buɗe baki ya yi bayanin manufa ba, abin da ya yi masa daɗi, don shi ma bai san ta ba. Labari ya kai kunnen Alhaji Abdurrahaman, babban jam'iyyar a yankin, ya aiko masa da hula.

Mataki na biyar: Kori jan ƙyalle

Jam'iyyu sun yi yawa har launuka sun kusa ƙarewa. Ta su Zaharaddini shuɗi ta samu, abokan hamayya kuwa ja. Ranar da Alhaji Abdurrahaman ya biyo ta garin, ya leƙo ta tagar mota ya ga gonaki jere da jajayen ƙyallaye suna kaɗawa, sai ya sa direba ya taka birki.

"Zaharaddini! Mine ne wanga? An ce mini garin namu ne, ga shi ko'ina tutar mutanen can!"

"Ranka shi daɗe, alamar magani ce."

"Maganin wa? Mu ka hwesawa, su ka samun suna? A cire su yau ɗin nan."

In babba ya faɗi haka, kada ka tsaya kawo zancen awaki da tsofaffi. Ka ce, "An gama, ranka shi daɗe." Washegari Zaharaddini ya kawo mini yadi shuɗi, na yanka na dalmashe. Kuma da yake tuta abin alfahari ce, 'yan jam'iyya suka kafa ta a gonar da aka fesa da wadda ba a fesa ba, da kan rumbu, da bayan amalanke. Wani har a wuyan jakinsa.

Mataki na shida: Mai ƙorafi, ba shi baki

Masu ƙorafi za su zo, ba makawa. Na farko Sajo ne, makiyayin da ke zaune bayan gari, ya zo da akuya a saɓe tana zubar da kumfa.

"Zaharaddini, ina ja? Mu ja muka sani. Yanzu ko'ina shuɗi, ina za mu bi?"

Amsar da za ka bayar ke nan, ka riƙe ta da kyau: "Sajo, dimokuraɗiyya ta zo, kowa da launinsa. Ka kai kukanka ga waɗanda ka zaɓa." Sajo bai zaɓi kowa ba, don ba a ma yi zaɓen ba tukuna. Ya saɓi akuyarsa ya koma.

Ta biyu a cikin gida take. Gogo ta tare ɗanta yana wanke famfo a bakin randa.

"Kai yaro, ni ban iya wagga sabuwar alama ba. In na ga ja in kauce, in ban gani ba in shiga. Haka malamin gona ya ce."

"Inna, kwantar da hankalinki. Duk gonar da na hwesa, ni da bakina zan gaya miki."

"To, Allah shi yi maka albarka."

Ka ga gwaninta? Ya cire ƙyallen da ke tsaye rana da iska ba ya mantuwa, ya maye gurbinsa da alkawarin ɗan siyasa.

Mataki na bakwai: Fesa taka gonar, ka hau mota

Manyan jam'iyya za su zo ganin aiki, to dole su tarar da gawar fara a gonarka kamar an shimfiɗa. Zaharaddini ya bari sai da yamma ya juye ragowar bidon duka a gonarsa. Yana rataye famfo sai ga mota ta tsaya, ana neman masu tarbar baƙi a mitin Cadawa, kuma an ce ya shiga gaba kusa da direba. Mutumin da aka ba kujerar gaba ba ya komawa cikin gida yin sallama. Kai ma kada ka koma.

Da asuba Gogo ta ɗauki buhunta. Ba ja a gonar ɗanta. Fara kwance jingim a gindin gero, jiƙe sharkaf, ko tsalle ba ta yi. Da hannu biyu ta riƙa kwasa. Rana ba ta yi zafi ba ta dawo da buhu cike, tana kiran maƙwabciyarta Kande ta zo ta ga arziki.

Kande ta sunkuya ta shinshina. "Gogo, anya? Ni kamar ina jin warin magani."

"Haba Kande. In da an hwesa, ai da Zaharaddini ya gaya mini."

Wannan maganar Kande ta maimaita mini ita a nan gaban kekena, kuma har yau in na tuna ta sai in ji allura ta ƙi shiga yadi. Gogo ba ta taɓa sayar wa ɗan wani abin da ba ta fara ci ba. Ta dafa, ta soya kaskon farko, ta ɗanɗana gishiri, ta ƙara, ta sake ɗanɗanawa. Kafin azahar gumi ya rufe ta, yawu na zuba, idonta ya ƙanƙance. Kande ta haƙa rami ta binne farar duka, kamar yadda mutanen da ke yi. Duk motocin garin suna Cadawa wajen mitin. Amalanken Sajo ne ya ɗauke ta zuwa likita a Gazawa, kuma ba ta kai ba.

Mataki na takwas: Karɓi gaisuwa

Garin Tala bai taɓa ganin taro irin na sadakar ukun Gogo ba. Motoci har bakin rijiya, kowace da shuɗiyar tuta. Alhaji Abdurrahaman ya ce jam'iyya ta yi rashin uwa, ya kuma sanar a wurin cewa daga yau Zaharaddini ne shugabanta na garuruwan yankin. Da ya fito daga zaure, jama'a duka suka miƙe tsaye.

Na ce maka za a miƙe maka. Ga shi an miƙe.

Gargaɗi, da wanke hannu

Abin da ya rage shi ne kada ka yi wautar da Zaharaddini ya yi a ƙarshe, ya ɓata wa ilimina suna. Ranar kasuwa ya zo rumfata ba hula, ya ce in yanka masa duk jan yadin da nake da shi. Ya koma ya kafa a kusurwoyin gonarsa. Shuɗaye suka ce ya canza sheƙa, suka kore shi. Jajaye suka ce ba su son mai famfo. Famfon ma ya jefa shi tsohuwar rijiya.

Saboda haka in ka bi matakan nan wani abu ya same ka, ko ya sami wanda ke cin tuwo a gidanka, kada ka doso tashar Gazawa da sanda. Ban haɗa magani ba, ban kafa tuta ba, ban tura mota ba. Ni tela ne, launin da aka kawo mini shi nake ɗinkawa. In kana son ƙarin bayani, je ka Garin Tala ka nemi gonar da ke da jan ƙyalle rani da damina. Ba a sake fesa ta ba tun ranar. Mai ita yana nan, in ƙyallen ya koɗe ya zo in yanka masa sabo, ya koma ya kafa wa matar da ba za ta sake bi ta wurin ba.