Rasuwar 'Yar Hagu, Wadda Aka Inganta Har Lahira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a ƙarƙashinsa wanda ya fi baƙin cikin zafi, ni malamin lissafi, a madadin iyalina da duk mai kunne a gidanmu, nake sanar da rasuwar kurosobar sifikarmu ta hagu, wadda muke kira 'Yar Hagu. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan teburin cin abinci, a hannun ƙanin matata, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Ba ta yi doguwar jinya ba. Gaskiya ma ba ta yi jinya ba sam. Lafiyarta ƙalau aka yi mata aiki.

Yawancinku ba ku san marigayiyar ba, don ba mai son nuna kai ba ce. Ɗan allo ne da bai fi tafin hannu ba, a ɗaure can cikin akwatin sifika inda ba mai gani. Aikinta rabo. Idan sauti ya taso daga amfilifaya, na'urar ƙara sauti, a cakuɗe, ita ke tsayawa a ƙofa kamar malami mai zaunar da sababbin ɗalibai: mai kauri ta tura shi ga babbar sifika ta ƙasa, siriri ta miƙa shi ga ƙaramar ta sama. Ƙaramar nan ba ta iya ɗaukar rugugin ganga, in ya same ta ƙonewa take yi. Shekara da shekaru marigayiyar tana tsare mata ƙofar nan, ba ta taɓa yin gyangyaɗi ba.

Tagwaye ne ita da 'Yar Dama. Marigayi kawuna ne ya haɗa su. Da hannunsa ya naɗa wayar tagullarsu, yana saurare yana ragewa, har kunnensa ya gamsu. Bai rubuta komai ba, lambobin jikin kayan kuma tsufa ya goge su. Ya bar mini su a kan cewa kowace ɗaya ita ce shaidar 'yar uwarta.

Mun san ta da ladabi. Ba ta taɓa ɗaga murya a kan mawaƙi ba. Idan na dawo daga makaranta kaina na sarawa saboda hayaniyar aji, nakan zauna a tsakiyar tagwayen, sai ta miƙo mini ɗan numfashin nan da mai sarewa ke ja kafin ya busa, hhh, sannan tsss ɗin ƙarfe a hankali daga kusurwar hagu, kamar ana yayyafa ruwa a tsakar gida. Abin da na rasa ke nan.

Ga yadda ajalin ya zo. Na buɗe bayan akwatin don in share ƙura, na rufa masa tsumma mai tsabta, na tafi tsaron jarrabawa. Ina fita, Injiniya ya shigo da baƙar jakarsa. Sana'arsa sayar da labule, iliminsa na lantarki kuwa a waya ya samo shi, wajen kallon wasu mutane suna buɗe kayansu. Aƙidarsa guda ce: duk abin da ya fi girma, ya fi nauyi, ya fi ƙyalli, shi ya fi kyau. Ya cire wani ɗan kaya a jikin allon da ake kira kafasito, ƙarami kamar kan yatsa, ya dasa wani rawaya mai girman gwangwanin madara. Akwai lamba a jikinsa, ɓaro-ɓaro, mai nuna cewa zai wangale wa ƙaramar sifika ƙofar da aka yi shekaru ana tsarewa. Bai karanta ba. Ya dubi naɗin wayar kawuna, ya yanke hukuncin cewa yana shaƙe sauti, ya warware rabinsa don ya sha iska. Ya ɗora ƙarfen narka dalma a kan allon ya manta da shi yana amsa waya, har hanyoyin tagullar suka ɗago kamar ɓawo. Tsofaffin kayan kuma ya zuba su a shara, masu kwasa suka wuce da su.

Sannan ya murɗa amfilifaya har ƙarshe.

Na iso ƙofa daidai lokacin da take maganarta ta ƙarshe. Kyas. Kyas-kyas. Fuuu. Ƙaramar sifikar da ta rene ta bi ta nan take, ba ta ko jira ba. Na tarar da siririn hayaƙi yana fita ta bayan akwatin, shi kuma yana tsaye ya riƙe ƙugu.

“Yaya Malam, ka ji yadda ta buɗe? Da fa a toshe take!”

Na tambaye shi warin mene ne wannan.

“Warin sabon kaya ne. Sai sun saba da juna.”

Jama'a, na daɗe ina koyarwa. Na ga yaron da ya raba goma gida biyu ya samu goma sha biyu, na ja kujera na zauna kusa da shi muka sake lalubawa. Ban taɓa cewa da ɗan kowa daƙiƙi ba. Amma ko yaron nan yakan karanta tambaya kafin ya ɓata amsa. Ba zan ce komai a kan Injiniya ba, sai dai in yi masa addu'ar da nake yi wa duk ɗalibin da ya gagare ni: Allah ya haɗa shi da malamin da ya fi ni haƙuri, a wata makarantar.

Marigayiyar ta tarar da waɗanda suka riga ta ta wannan hannun: dutsen gugar matata, rediyon maƙwabcinmu direba, da fankar babbar yayar matata, wadda har yanzu tana juyawa amma bango take yi wa fifita.

Ta rasu ta bar babbar sifika, wadda yanzu ke magana kamar an danne mata baki da matashi. Ta bar amfilifaya, wanda ya ga komai kuma ba ya iya ba da shaida. Ta bar ni. Ta kuma bar 'yar uwarta 'Yar Dama, wadda ita kaɗai ta rage a duniya da ta san yadda kawuna ya yi naɗinsa. Muddin tana nan yadda take, zan iya auna ta sannu a hankali in haɗa wata ta hagun. Idan aka taɓa ta, shi ke nan, kunnen kawuna ya bi shi.

To, Injiniya ya shaida wa matata cewa ranar Asabar da safe zai dawo ya buɗe 'Yar Dama. Wai tunda ɗaya ta samu ci gaba, bai kamata a bar ɗayar a baya ba. Na yi wa matata bayani daki-daki, har da zane a bayan takarda. Ta ce, “Haba Malam, yaro ne, taimako yake so ya yi. A kan ɗan allo za ka hana shi gidan yayarsa?” Yaron nan yana da furfura a gemu da 'ya'ya huɗu. Amma tana da gaskiya ta wani gefen. Kawun 'ya'yana ne, ba zan rufe masa ƙofa ba.

Saboda haka ga tsarin jana'iza.

Za a yi ta ranar Asabar da safe, daidai lokacin da ya ce zai zo. Gawar tana cikin kwalin takalmi a kan teburin da ta rasu, da gwangwanin madararta da komai, ga mai son ganawar ƙarshe. Ana gani da ido, hannu a baya. Duk mai jaka zai ajiye ta a ƙofa wajen babbar yaya mai fanka, wadda ta karɓi wannan aiki tun ban gama roƙonta ba.

Ɗaukar gawa kuwa, mun ba Injiniya wannan girma, don shi ya fi kowa kusa da ita a ƙarshe. Makwancinta ma a gidansa yake. Yana da sifiku biyu a falonsa, kuma na lura, ranar da na je duba ɗansa, cewa har yau takardar kamfani tana manne a kan kusoshin bayansu. Mutumin da ya inganta kayan dangi kaf bai taɓa samun sukunin inganta nasa ba. Wannan tauye kai ne, ba za mu zuba ido ba. Ni da kaina zan ɓare takardar, in cire abin da ke ciki, in kwantar da marigayiyar da duk gyaran da ya yi mata, sannan in murɗa har ƙarshe yadda ya koya mini. Matata ta yi murna ƙwarai, ta ce ai gara kayansa masu kyau su koma gare shi.

Ina cikin rubuta wannan sanarwa ya aiko cewa tafiya ta kama shi, Asabar ba ya gari, bai kuma san ranar dawowa ba. Ba komai, Allah ya kai shi lafiya. An ɗage jana'izar har sai ya samu zuwa. Kwalin yana bayan ƙofar falo, sukundireba a kansa. Duk ranar da ya tako gidan nan da baƙar jakarsa, ranar za mu ɗauka, kuma shi ne a gaba. Irin wannan gawar ba ta wari, ni kuma malami ne, na iya jira.